Yadda Ake Shirya Kayan Aiki a Bayan Rufaffiyar Motar Kwangila, a Kuma Tsare Su

A nan Kano ba kasafai za ka ga ɗan kwangila yana jan ƙaramar rufaffiyar tirela a bayan motarsa ba, irin wadda ake yayi a Amurka. Namu shi ne tsohuwar Hiace da aka kwance wa kujeru, ko akori-kura da mai walda ya ɗora wa akwatin ƙarfe, ko kuma kwantena da ake ajiyewa a wurin gini. Ni da bas nake aiki, kuma a kansa zan yi bayani, amma mai akori-kura da mai kwantena duk za su tsinci abin da zai yi musu amfani.

Shekarun farko bayan motata juji ne. In an tashi aiki, yara su watsa komai ciki a rufe ƙofa. Abin da ya sa na shiga taitayina shi ne wata safiya a titin Zariya, daf da Na'ibawa, da wani mai adaidaita ya yanko gabana na taka burki da ƙarfi. Janareta ya taho tun daga ƙofar baya ya daki bayan kujerata, akwatin sifanu ya kife, wani kurfi ya wuce ta gefen kunnen yaron da ke zaune kusa da ni ya caki dashbod. Yaron ya kalle ni ya ce, "Oga, wallahi iskarsa na ji." A makon nan na kai motar wurin mai walda. Tun daga lokacin na shirya motoci da dama, nawa da na abokan sana'a, kuma abu biyu nake nema a kowace: in an taka burki kada komai ya motsa, in wani abu ya ɓata kuma a gane da kallo ɗaya.

Abubuwan da za ka tanada

Filawud mai kaurin milimita 18 domin daɓe da kantoci, da mai milimita 12 domin bango. Fallensa ƙafa 4 ne da ƙafa 8. Katako tu-bai-tu ko tu-bai-tiri. Waɗannan 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo za ka nufa, kuma ka zaɓi busasshe, domin ɗanyen katako in ya sha zafin cikin mota murɗewa yake yi.

Ƙarfen angil mai inci ɗaya da rabi, da ragar ƙarfe mai kauri, da bol da noti masu milimita 8 ko 10, da manyan washa, da zobban ƙarfe na ɗaure kaya. Kasuwar Ƙofar Ruwa ta ishe ka. In ka samu noti mai roba a ciki, wanda ba ya kwancewa da girgiza, shi za ka saya. In babu, ka ɗaura noti biyu a kan kowane bol.

Bel ɗin ɗaure kaya mai hannun ja, irin na masu tirela amma ƙarami, guda huɗu zuwa shida. Tsohon tif na mota, wanda mai faci zai ba ka ko ya sayar maka da arha. Guntayen bututun roba mai inci 3 da inci 4. Kwado masu kyau, da abin kashe gobara, da fenti kala biyu, da alli.

Na aiki kuwa, injin huda, zarto, tef, sukwaya, sifana. Walda ka bar wa mai walda in ba sana'arka ba ce.

1. Fitar da komai waje

Ka shimfiɗa tamfol a ƙofar gida ko shago, ka kwashe duk abin da ke cikin motar har ƙusa ta ƙarshe. Za ka sha mamaki. Ni da na yi na farko, tef biyar na tsinta, ni da nake sayen sabo duk wata ina zagin yara.

Kasa kayan uku. Na kullum, wato guduma, tef, filaya, sukudireba, injin huda, wayar jan wuta. Na mako-mako, kamar girenda da injin walda. Sai wanda sai an yi wata ba a taɓa ba. Wannan kashi na uku ba shi da hurumi a mota, ka mayar da shi shago, ranar da ake bukata a ɗauko. Yawancin motocin da nake gani sun durƙusa a baya, ba kayan aikin ranar ne suka danne su ba, ragowar tayil ne da rabin buhun siminti da ya daskare tun aikin bara.

2. Auna, ka zana da alli

Share motar, ka auna tsawo da faɗi da tsayi, ka lura da tudun tayoyin baya da inda ƙofar gefe take zugewa. Sannan ka shigo da manyan kayan, janareta da injin walda da babban akwati, ka ajiye kowanne inda kake so ya zauna, ka zagaye shi da alli.

Ƙa'idar nauyi gajeriya ce. Mai nauyi yana ƙasa, yana gaba, tsakanin tayoyin gaba da na baya, kuma hagu da dama su yi kusan daidai. In ka jibge nauyi a bayan tayar baya, gaban motar ya yi sakayau, sitiyari ya riƙa yawo a hannunka. In ka ɗora shi sama, motar ta riƙa rangaji a kwana. Ka duba takardar mota ko ƙaramin farantin da ke jikinta ka ga iyakar nauyin da aka yarje mata, kuma ka tuna katako da ƙarfen da za ka saka su ma nauyi ne.

Ka bar hanya a tsakiya, akalla ƙafa biyu. Wannan hanyar ita ce abin da mutane suka fi yi wa rowa, su cika gefe biyu da kantoci masu zurfi, ƙarshe sai mutum ya shiga a karkace. Kuma ranar da za ka ɗauko fallen filawud ko ƙofa, a nan za ta tsaya.

3. Shinge tsakaninka da kaya

In kuɗinka na abu ɗaya ne tak, wannan za ka yi. Mai walda ya haɗa firam na angil daidai faɗin motar, a bayan kujerun gaba, daga ƙasa har rufi. Rabin ƙasa a rufe da filawud mai milimita 18 ko farantin ƙarfe, rabin sama a sa raga domin ka riƙa ganin kayan da ke baya ta madubi. Ramukan ragar su zama ƙanana yadda sukudireba ba za ta ratsa ba.

Firam ɗin a ɗaure shi da bol a jikin ginshiƙan motar da ƙasa. Bas da aka cire wa kujeru yana da ramukan bol na kujerun da na bel, kuma nan ne wurare mafi ƙarfi, ka yi amfani da su. Kuskuren da na fi gani shi ne a kama shinge da ƙananan sukuru a jikin siririn kwanon mota. Ranar da ake bukatarsa, shi da janaretan tare za su taho.

In za a yi walda a jikin motar kanta, a cire kan batir tukuna, kuma a nisanci wajen tankin mai. Ni na fi son a haɗa komai a waje, a shigo da shi a ɗaure.

4. Daɓe da zobba

Yanka filawud mai milimita 18 ya bi siffar ƙasan motar. Dabarar ita ce ka fara yanka kwali ya zauna daidai, har da zagayen tudun taya, sannan ka ɗora kwalin a kan filawud ka zana. Ka shafa wa ƙasan filawud ɗin da gefunansa fenti kafin ka kwantar, saboda damina.

Yanzu sai hudawa, kuma a nan nake so ka nutsu. Kafin ka huda ko rami ɗaya, ka kwanta a ƙarƙashin motar da tocila ka ga abin da ke wurin. Tankin mai yana nan, bututun burki yana nan, wayoyi suna nan. Na san wanda ya huda tankinsa yana ƙoƙarin kafa zobe, fetur ya riƙa ɗiga a kan ƙasa injin huda na hannunsa. Allah ne ya kiyaye. Ka naɗa salatif a jikin bakin injin daidai zurfin da kake so, ko ka zura masa guntun katako ya tokare, domin kada ya zarce.

Kowane zobe bol ɗinsa ya ratsa filawud da ƙarfen mota, a sa babban washa ko guntun farantin ƙarfe ta ƙasa. Zoben da aka kafa a filawud kaɗai ado ne. Kowane rami a ɗiga masa fenti don tsatsa. Ka sa zobba biyu a gefen kowane babban inji, da wasu huɗu a kusurwoyi domin kayan da za su zo daga baya.

Janareta kuma, ban da bel, ka buga masa guntayen tu-bai-tu a ƙasa su kewaye ƙafafunsa, ya zauna cikin gurbi. Katakon ya hana shi zamewa, bel ya hana shi tsalle. Mai taya a cire tayar ko a tokare ta. In ba ka samu bel ba, igiya mai kauri ta yi, amma igiya tana saki, sai ka riƙa duba ta kullum. Robar tif kuwa ta ƙananan kaya ce. Kada ka yarda ta riƙe maka abin da ya fi ƙarfin ɗauka da hannu ɗaya.

5. Kantoci

Gefen da ba shi da ƙofa, nan kanta za ta tsaya. Zurfinta kada ya wuce inci 12 zuwa 14. Hawa uku sun isa a bas. Na ƙasa ya zama mai tsayi domin akwatunan injina, na tsakiya na kayan kullum, na sama na marasa nauyi kamar safar hannu, hular kwano, igiya, salatif.

Kantar mota ba kantar shago ba ce. Kowane hawa sai an buga masa baki a gaba, tsayin inci 3 ko 4, in ba haka ba kwanar farko a shataletalen Dangi komai zai zubo. Ni har ɗan karkatar da hawan nake yi ya kwanta wajen bango kaɗan. Sannan a raba kowane hawa da guntayen filawud daidai girman abin da zai zauna, domin akwatin da ke da filin zamewa zai yi ta kai da komo har ya fasa na kusa da shi. Ka shimfiɗa yankakken tif ko tsohon kafet a ciki, ƙarar ma za ta ragu.

A haɗa da sukuru da gam, ba da ƙusa ba. Ƙusa tana zarewa a hankali da girgizar hanya, wanda ya taɓa shiga da mota sababbin unguwannin bayan gari da damina ya san abin da nake nufi. Kuma a ɗaure kantar a wuri biyu, ƙasa da sama. Wadda aka kama a ƙasa kaɗai za ta yi ta lilo har ta tumɓuke.

Katako ko ƙarfe? Ƙarfe ya fi ƙarko, amma in mai walda ya samu sake zai yi maka abin da ya fi kayan nauyi. Ni firam na angil nake yi, hawa na filawud.

6. Bangon kayan hannu

Wannan shi ne sashen da na fi so, kuma shi ya rage mini asara fiye da kowane kwado. Ka kafa filawud mai milimita 12 a ɗaya gefen, kusa da ƙofa, inda hannu zai kai ba sai an hau motar ba. Ka jera guduma, filaya, zarto, lebul, sukwaya, kowanne a kan ƙugiyarsa, ka ja yankakkiyar robar tif ta danne shi. Abin da aka rataye kawai ba roba, gargada ɗaya zai diro.

Sai ka ɗauki fenti mai haske ka zana siffar kowane abu a bayansa. In an ɗauke guduma, hotonta yana nan yana kallonka. Da yamma ba sai ka ƙirga ba, ba sai ka tambayi kowa ba, ka buɗe ƙofa ka duba bango. Kafin na fara wannan, sai a kwana uku kafin a gane babu filaya, lokacin an bar wurin aikin, kowa ya ce ba shi ya riƙe ta ƙarshe ba. Yawancin abin da muke kira sata ba sata ba ce, a saman silin aka manta, ko a cikin yashi.

Guntayen bututu mai inci 3 da aka yanka aka kafa a tsaye suna riƙe injin huda, da cokalin gini, da gwangwanin feshi. Masu kaifi kamar kurfi bakinsu ya kalli ƙasa, cikin bututu mai toshe.

7. Ƙananan kaya

Ƙusa, sukuru, fisha (robar da ake cusawa a ramin bango ta riƙe sukuru), washa, kan famfo. In da hali ka sayi akwatin roba mai ɗakuna. In babu, gwangwanin madara mai murfi ko ƙaramar jarka da aka yanke wa gefe sun wadatar. Kada dai ka yi amfani da kwalba, kuma kada ka bar su a ledar da aka ƙullo maka a kasuwa. A jikin kowane gwangwani ka manna samfuri ɗaya na abin da ke ciki. Ya fi rubutu, domin ba duk yaro ne zai tsaya karatu ba in ka ce ya miƙo sukuru mai inci biyu kana saman tsani.

8. Dogayen kaya

Tsani, shebur, diga, bututu, rodi. Shebur da diga a tsaye a kusurwar ƙofar baya, an ɗaure da roba, domin kada ƙasarsu ta bi cikin motar. Siraran abubuwa kamar bututun waya a zura su cikin bututu mai inci 4 da aka rataye a tsawon rufi, bakinsa na gaba a toshe da murfi mai ƙarfi.

Tsani in zai hau saman mota, sai da kariyar ɗora kaya ta ƙwarai da bel biyu, gaba da baya, a ƙara sarƙa da kwado. In wani abu ya zarce tsawon motar a ɗaura masa jan ƙyalle, kuma kada ya zarce da yawa. Ban da haɗarin, ka ba 'yan KAROTA da 'yan Road Safety dalilin tsayar da kai, ka ɓata safiyarka a bakin titi.

9. Fetur, gas, batir da zafin Kano

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana kai digiri 40, kuma cikin rufaffiyar mota da ke tsaye a rana ya fi haka nesa. Jarkar fetur tana kumbura. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ba lallai ka ji warinsa sosai kana tsaye ba. Kada ka cika jarka fal, ka bar mata sarari, ka ɗaure ta a tsaye kusa da ƙofa, nesa da batir da wayoyi. Mota ta samu kafar iska, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Ni ba na barin fetur ya kwana a ciki. Janareta ma a rufe makunnin mansa, a bari ya huce kafin a shigar da shi.

Tukunyar gas a tsaye take tafiya, a ɗaure, an rufe kanta, an cire tiyo. Ta oksijin kada mai ko giris ya taɓa bakinta. Batiran injinan hannu kuwa zafi ne ajalinsu, ka sa su a jaka ka shiga da su inuwa, kada kuma ka bar su cikin akwati ɗaya da ƙusoshi, ƙusa ɗaya ta haɗa bakinsu sai wuta.

Kada a taɓa tayar da janareta a cikin motar, ko da ƙofa a buɗe, ko da ana ruwa. Hayaƙinsa yana kisa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Na taɓa tarar da yarana sun kunna shi a ciki suna cajin waya, ɗaya har ya kishingiɗa. Ranar kam sun ji faɗan da ba su taɓa ji ba.

Abin kashe gobara a bakin ƙofa yake zama, ba a ƙarƙashin kaya ba.

10. Kulle

Ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gilashin gefe da na baya su ne tallar kayanka. A rufe su ta ciki da filawud yadda mai wucewa ba zai ga komai ba, ko da raga yadda in ya fasa ma ba zai shiga ba.

Makullin da ya zo da tsohuwar mota ba abin dogaro ba ne. A ƙara maƙalar kwado a ƙofar baya, a ɗaure ta da bol mai santsin kai wanda notinsa ke ciki, domin wadda aka kama da sukuru ta waje, ɓarawo sukudireba kawai yake bukata. Mai walda ya yi wa kwadon rumfar ƙarfe yadda almakashin rodi ba zai samu wuyansa ba. Kwado mai siffar faifai, mai gajeren wuya, ya fi dogon nan mai sheƙi. Araha ba ta ado. Ƙofar gefe kuwa sakata ta ciki ta fi komai, ka zura ta ka fita ta baya.

Masu tsada, injin huda, girenda, na'urar awo, su samu akwatin ƙarfe nasu a ciki, wanda aka ɗaure da ƙasan motar, da kwadonsa daban. Janareta a sa masa sarƙa ta ratsa firam ɗinsa zuwa zobe. Da dare ka juya motar ƙofar baya ta manne da bango. In ba ka da gareji, ka kwashe masu tsadar daga akwatin ka shiga da su gida, minti biyar ne.

Lokacin da aka fi yi mana ɓarna ba dare ba ne. Tsakar rana ce, an tafi sallar azahar ko cin abinci, an bar ƙofa a wangale wai yanzu za a dawo. Makulli ya zama a hannun mutum ɗaya, shi za a tambaya.

11. Alama da littafin aro

Zaɓi kala ɗaya ka shafa wa duk kayanka a wuri biyu, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye. A wurin gini inda mai famfo da mai wuta da kafinta suke aiki tare, guduma duk kama ɗaya ce, fenti ne ke raba gardama. Injina kuma ka ɗauki hotonsu da lambar da ke jikinsu, ka ajiye rasit. In aka sace, da wannan za ka je wurin 'yan sanda, da shi kuma za ka iya cewa naka ne in ka ci karo da shi a hannun 'yan gwangwan.

Aro ba ya hanuwa a garin nan. Abokin sana'a zai zo ya ce, "Malam, a taimaka mini da girenda zuwa la'asar," kuma ba za ka iya cewa a'a ba, gobe kai ne a ƙofarsa. Ka rataye ƙaramin littafi da biro a bayan ƙofa, a rubuta a gabansa. Na farko zai ɗan ji wani iri, daga baya shi da kansa zai ce a miƙo littafin.

12. Gwaji

Loda komai, ka nemi layin da ba mutane, ka taka burki da ɗan ƙarfi kana tafiya a hankali, ka sha kwana hagu da dama, ka hau gargada. Wani ya zauna gaba yana saurare. Duk abin da ya yi ƙara, wurinsa bai yi ba, a gyara. Bayan mako guda ka bi duk notin da sifana, za ka tarar wasu sun saki. Ka duba iskar taya ma, tunda nauyi ya sauya.

In kuwa kai mai tirelar ja ne, ƙarin naka shi ne wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin ya kasance gaban tayoyinta, abin da ke danne mahaɗar mota kuma ya zama kashi 10 zuwa 15 na duka nauyin. In baya ya fi nauyi, da ka ɗan yi gudu za ta fara wutsil-wutsil tana jan motar. In ka ajiye ta, ka sa kwado a mahaɗar ko ka ratsa taya da sarƙa, domin ita ɗungurungum ake ja a tafi.

Da hunturu ƙura tana shiga ta robar ƙofa, ta cika kafofin iskar injina, don haka a riƙa rufe su a akwatunansu ana kaɗe motar duk Juma'a. Da damina kuma kada a shigar da jiƙaƙƙen shebur ko tamfol a rufe har safe, zarto da kurfi za su wayi gari da tsatsa. A shafa musu ɗan mai da tsumma, in rana ta fito a buɗe ƙofofin su sha iska.